Ƙanin da Aka Bayar Riƙo

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ɗinki bai cinye miki idanu ba. Mama tana nan ƙalau in ban da gwiwarta. Matar yayanki na gaishe ki. Ni kuwa ga ni nan, jiya i yau.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Kin san gidanmu, in ka yi tari a uwar ɗaki ana ji a ƙofar gida, maganar nan kuwa ba na son ta faɗa kunnen Mama. Ban da haka, a kan kujerar wankin ƙoda nake rubuta miki. Hannun hagu na inji ne, na dama kaɗai ya rage mini, in ban ba shi aiki ba sai in yi ta kallon jinina yana fita yana dawowa. Tagar da ke gabana katanga take kallo. Ni da na yi shekaru ina jan babbar mota gari ya gari, yau iyakar tafiyata daga gida zuwa wannan kujerar.

Likita ya sake yi mini maganar dashen ƙoda. Ke kin yi naki, kin ba da jini an gwada, bai yi daidai ba, ba laifinki ba ne. Ya tambaye ni ko ina da wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce akwai.

Kin san wanda nake nufi, ɗan'uwanmu da ba a maganarsa a gida. Ba a haife ki ba lokacin, Mama ba ta ma auri mahaifinki ba. Babana ya rasu da irin ciwon nan nawa ya bar ta da ni da jinjiri, ba ci ba sha. Wasu mata da miji da ba su taɓa haihuwa ba suka karɓe shi ya zama ɗansu. Ina tuna mijin, dogo ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, hannunsa na dama babu ɗan ƙaramin yatsa. Daga baya na ji an mayar da shi aiki garin da kike.

Na gwada Mama da maganar. Ta ce, "Na ba da shi ne don ya rayu, ba ajiya na kai ba." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Auta, ki nemo mini shi. Ni kaina ban san ko don ƙodar nake nemansa ko don shi ba, kunya ma nake ji. In Allah ya sa kin same shi, kada ki gaya masa komai. Ki bar wannan a hannuna.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin Mama na lafiya, ka ce ta daina tsugunawa wanki da wannan gwiwar. Allah ya ƙara maka sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai aiki. An kawo mana odar rigunan makaranta, mai kula da sashenmu har banɗaki lissafa mana take yi. Daga keke sai ɗakin kwana, daga ɗakin kwana sai keke.

Yaya, na same shi.

Ranar hutuna na je bayan tashar jirgi, inda tsofaffin ma'aikata 'yan fansho ke zama a gindin bango. Ina cewa dogo mai yatsa tara sai wani tsoho ya bushe da dariya, ya ce, "Mai Tara! Ai ya jima da rasuwa. Bashi kike bin sa? In bashi ne ki hau layi a bayana." Na ce iyalinsa nake nema. Ya nuna mini wani lungu, ya ce ɗan Mai Tara na da shagon gyaran kayan wuta a can, matar marigayin kuma tana wurinsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Fankoki a rataye, rediyoyi a jibge har rufi. Yana sunkuye a kan wani dutsen guga. Da ya ɗago ya ce, "Malama, me ya lalace?" sai na ga kamar kai ne a gabana. Goshinka ne, Yaya. Muryar ma taka ce, sai dai tasa ba ta da faɗa. Na zaro tocilar da ke jakata na ce ba ta kamawa. Ya buɗe, ya juya batir, ya miƙo mini, ya ce, "A juye kika sa." Bai karɓi komai ba.

Na bi umarninka, ban ce masa uffan ba. Yanzu me zan yi?

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Na kira waya, matarka ta ce kana barci, Mama ta ce kana lafiya, amma muryarta ba ta ce haka ba.

Na koma shagon har na rasa adadi. Na kai hita, na kai fankar ɗakinmu, na kai dutsen gugar abokiyar ɗakina wanda ni na tsinke masa waya da almakashi. 'Yan ɗakinmu sun fara ɓoye kayansu in sun ga na shigo. Shi kuma jiya ya dube ni ya ce, "Malama, ko dai gidanku aljanu ne ke taɓa wuta?" Na yi dariya, na fito na tsaya a lungu ina kuka. Ina tsoron ya zaci wani abu nake nema a wurinsa, mutumin yana da mata da 'ya'ya biyu.

Ka ɗaure mini baki ka tafi ka bar ni. In gaya masa ko kada in gaya masa? Ba zan iya ci gaba da kallon yayana ina ce masa Malam ba.

Auta

*

Auta,

Ki yafe shirun. Jijiyar da suke sa allura ta toshe, zazzaɓi ya shiga, aka kwantar da ni. Na hana a gaya miki don kada ki bar aiki ki taho. Yanzu na fito, sun sa mini tiyo a wuya kafin hannun ya warke. Mama da kowa lafiya. Wasiƙunki biyu a tare na karanta su.

Haba Auta! Wa ya ce kada ki gaya masa ko ke wace ce? Maganar ciwona nake nufi, ita ce na ce ki bari a hannuna. Kina da ilimi kin fi ni, amma kin ɗauki layi ɗaya kin yi ta lalata kayan mutane a kansa. Na yi dariya har nas ta leƙo, daga baya kuma na daina, don laifina ne, ban fayyace ba.

Ki je ki gaya masa. Ki ce yana da uwa a raye, da wa, da ƙanwa. Ciwon kuwa ki yi shiru tukuna. Ba na son ranar da ya san yana da ɗan'uwa ta zama ranar da ya san ɗan'uwan na son a tsaga masa ciki.

Ki ba ni labarinsa da yawa. Yadda yake zama, yadda yake magana, komai. A ɗakin nan kullum fuskoki ɗaya nake gani. Tsohon da kujerarsa ke kusa da tawa bai zo ba wannan makon, ba wanda ya tambaya, don duk mun sani. Ruwan da aka yarje mini in sha a yini bai cika kofi biyu ba. Har mafarkin famfo nake yi.

Yayanki

*

Yaya,

Alhamdu lillahi da ka fito. Amma kada ka sake ɓoye mini, ni ba yarinya ba ce. A gaida Mama da matarka. Ina lafiya.

Na je hannu rabbana, ba fanka ba hita. Ya ce, "Yau me ya lalace?" Na ce babu, magana ce. Na faɗa masa a tsaye, kalmomin suna karo da juna. Bai ajiye sukudireban da ke hannunsa ba har na gama. Sannan ya jawo mini kujera ya ce in zauna.

Ya ce ya sani an karɓo shi. Mai Tara ya gaya masa kafin ya rasu. Na ce, to me ya sa bai taɓa nemanmu ba? Ya ce, "Ban ɓata ba, me zan nema? Uwata tana gida, yanzu haka tana jira in kai mata maganin ido." Ba da zafi ya faɗa ba, amma na ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Can sai ya ce, "Tana da lafiya, ita wadda ta haife ni?" Na ce gwiwa ce kawai. Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni aikinka, na ce direba ne. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Sai ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce, "Me ya sa sai yanzu?" Na ce Allah ne ya kawo lokaci. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to.

Ya roƙe ni kada in je gidansa, tsohuwar ba ta san mun ɓullo ba, ba ya son ya tayar mata da hankali. Amma ya ce shago ƙofa a buɗe take. Yanzu duk ranar hutu a can nake yini. Ya daina ce mini Malama, "'Yar ƙanwa" yake cewa, sai ka ji kamar yana gwada kalmar a bakinsa.

Ka ce in ba ka labarinsa. Yaya, kamar an tsaga kara. Yana ɗaure fuska in yana tunani. Ba ya son a taɓa masa kayan aiki. Abin da ya fi ba ni dariya, in ya miƙe daga kujera sai ya dafe ƙugunsa ta baya da hannu ya ɗan tsaya, daidai yadda kake yi da can in ka sauko daga mota. Har takalmi yake cirewa da yamma, wai ya matse shi, kai ma haka kake yi Mama na yi maka faɗa. Yana da ciwon kai irin naka, kwalin magani na nan a cikin akwatin kusoshi. Jini ba wasa ba ne. Da ka gan shi da ka yi murna.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta.

Ban yi murna ba. Na karanta ƙarshen wasiƙarki, injin ya fara ƙara don jinina ya hau, sai da nas ta karɓe takardar daga hannuna.

Abin da kika gani ba kama ba ce. Dafe ƙugun nan, da takalmin da ke matsewa da yamma, da ciwon kai, da su nawa ya fara. Shekaru na yi ina cewa zaman mota ne. Babana ma haka yake tsayawa, ina tuna shi a bakin ƙofa da hannu a baya. Na karanta wa likita wurin. Ya ce ba zai yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma ciwon na bin jini, kuma wanda aka gano nasa da wuri ana iya ja masa lokaci mai tsawo kafin ya kai ga inji. Ya ce a auna jininsa da fitsarinsa, a ɗauki hoton cikinsa, kada a jira.

Ki manta da duk abin da na ce a baya. Ki gaya masa komai. Ki ce ina kan inji, ki ce ciwon ne ya kashe ubanmu, ki ce ya je asibiti. In ya tambaye ki ko don ƙodarsa muka neme shi, ki ce e. Kada ki gyara mini. In kika rufa mini asiri zai ɗauka wata dabara ce ta kai shi gwaji, ya ƙi zuwa. Gara ya tsane ni ya je.

Na san na sa ki a tsaka mai wuya. Da ina iya yin nisa da wannan kujerar da ni zan zo in tsaya a gabansa. Ba zan iya ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina fata jikin da sauƙi. A gaida gida.

Na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, kamar wancan karon. Sannan ya ce, "Wato duk fankokin nan da kike kawowa, kayan gyara kike dubawa. Kin zo ki ga ko akwai abin cirewa a jikina a sa wa wani." Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "Yayanki ya ce haka ne, ke kin ce ba haka ba ne, wa zan yarda da shi?"

Ya ce, "Ina zaune lafiya. Kun zo kun kawo mini uwa, kun kawo mini wa, yanzu kun kawo mini ciwo. Akwai saura?" Ya ɗauko hitar da na bari a wurinsa, ya naɗe wayarta a hankali, ya miƙo mini, ya ce in gaida gida.

Na koma ranar hutun da ta biyo, shagon a rufe. Na sake komawa, a rufe. Mai sayar da taya na kusa da shi ya ce bai san inda ya tafi ba. Na san unguwarsu, amma na yi masa alkawarin ba zan je ba. Kafin in tafi na zura adireshinka ta ƙarƙashin ƙofar shagon, ban san ko ya gani ba.

Jiya na ɗinka hannun riga a wuya har sau biyu, mai kula da mu ta ce in na ƙara za ta sallame ni. Ba zan iya tahowa gida ba, ba zan iya zuwa wurinsa ba, ba zan iya gaya wa Mama ba. Ina ma ban same shi ba, Yaya. Sai kuma in tuna takalmin nan, in ce gara da na same shi.

Auta

*

Zuwa ga direba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana samun sauƙi. Ni ne mai gyara. Ban saba rubuta wasiƙa ba, ka yi haƙuri da rubutun.

Ban yi niyyar zuwa asibiti ba. Matata ce ta ga na rufe shago ina zaune a gida, ta matsa har na faɗa mata. Ta nuna mini yaranmu suna wasa a tsakar gida ta ce, "In yana bin jini, su fa?" Washegari na je.

Akwai shi. A ƙodojin duka biyun. Likita ya ce suna aiki tukuna, amma jinina ya hau sosai, kuma maganin ciwon kan da nake sha kamar gyaɗa yana ƙara lalata su. Ya hana ni shi, ya ba ni wasu, ya hana ni gishiri. Ya ce da na ƙara wasu shekaru a haka da sai dai a kawo ni a kwance. Yaran za a riƙa duba su.

Don haka abin da ka nema ba ni da shi. Ban san ko da ina da shi zan bayar ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na yi fushi, har yanzu da saura. Amma ka ce a faɗa mini gaskiya alhali ka san za ta kore ni, wannan na gani.

Ba zan zo ba yanzu. Uwata ta tsufa, idonta ya tafi, ni kaɗai take da shi. Ba zan sa ta ƙarasa kwanakinta tana tsoron za a ƙwace mata ɗa ba. Ita wadda ta haife ni, in ka ga ya dace ka gaya mata ina raye, an riƙe ni da kyau, ban taɓa kwana da yunwa ba.

Ka ce wa 'yar ƙanwa na buɗe shago. Ta zo, amma ta bar kayan mutane su huta.

Akwai abin da ban iya tambayar likita ba, matata na zaune. Injin nan, yaya yake? Allurar da zafi? Mutum yana iya aiki? Ka faɗa mini yadda yake, kada ka sassauta.

Mai gyara

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni a kan kujerar, na karanta, na sake karantawa. Jikina da sauƙi daidai gwargwado. Ka gaida matarka, ka ce na gode mata. Ka shafa mini kan yaran.

Ka tambaya, ga amsa. Allurar da zafi, kauri gare ta, ba a sabawa, sai dai a daina zabura. Bayan an gama za ka ji kamar an matse ka an shanya. Ƙishirwa ta fi allurar wuya. Aiki irin nawa ba ya yiwuwa, irin naka na zaune zai yiwu a ranakun da ba na inji ba. Mafi muni shi ne ba ka isa ka yi nisa ba, duk inda ka je kujerar na jiran ka jibi. Wannan ke nan, ban rage komai ba. Amma kai ba ka zo nan ba tukuna, kuma in ka bi maganar likita za ka daɗe ba ka zo ba. Ni ba wanda ya gaya mini da wuri.

Na gaya wa Mama. Na zaci za ta yi mini faɗa don na saɓa mata. Tana tsintar shinkafa a faranti, ta ci gaba da tsinta har na kai inda ka ce ba ka taɓa kwana da yunwa ba. Nan ta ajiye farantin ta rufe fuska da mayafi. Da na faɗi maganar ciwon ta ce, "Na raba shi da yunwa, ban raba shi da jinin ubansa ba." Ta ce in gaya maka ba za ta zo ba, ba za ta aiko ba, ka zauna da uwarka, ita ta yi wahalarka. Ta ce dai in tambaye ka sunayen yaran, tana son ta riƙa sa su a addu'a.

Batun dashe, an sa ni a layin masu jira. Layin da tsawo, ban sa rai ba, ban kuma cire ba. Kada ka ɗauki nauyin wannan, ba na neman komai a jikinka.

Ka sha maganinka a kan lokaci. Ka sayi abin awon jini ka ajiye a shago. In ƙafa ta kumbura fiye da kullum kada ka ce tsayuwa ce, ka je a duba. Duk abin da ka ji a jikinka wanda ba ka son faɗa a gaban matarka, ka rubuto mini. Hanyar nan na riga ka bin ta, na san inda ramukanta suke.

Ga nas nan ta zo cire allura, dole in ajiye biro. Ka aiko da sunayen, Mama na jira.

Yayanka